Baba da Jan Balan-balan

Ina da shekara bakwai, ƙanwata tana da huɗu, Baba ya shigo gida da wani kwali ɗaure a bayan kekensa, ya ce ya kawo mana makaranta. A Sharaɗa muke zaune a lokacin, cikin tsohuwar unguwa, inda katangar kamfanoni ta zo ta tsaya daf da gonakin mutane. Da jiniyar masaƙa muke tashi, da ita muke sanin an kusa sauke tukunya. Ranar wata Asabar ce da yamma. Ya jingine keken a soro, ya kwance igiyar a hankali kamar mai sauke ƙwai, ya ce kada wanda ya matso.

Mu biyun da aka kawo wa makarantar muka ja da baya. Sai da aka yi wata biyu cur kafin ɗayarmu ta ɗora mata hannu.

Baba heluma ne a sashen rini na wata masaƙa, da mutane a ƙarƙashinsa. Ban taɓa ganin hannuwansa da kalar da Allah ya halicce su ba. Yau shuɗi, gobe kore, in ana aikin atamfar salla kuwa har ƙasan faratansa ja. Bai yi boko ba ko na kwana ɗaya, amma yana karanta sunan kowane launi da Turanci, don shekara da shekaru yana ganinsu rubuce a jikin durom ɗin sinadari. Iyakar karatunsa na boko ke nan, kuma ba ya wasa da shi. In baƙo ya zo da sabuwar riga, kafin a gama gaisawa Baba ya murza gefen hannunta da yatsa biyu, ya gaya masa wanki nawa za ta yi kafin ta koɗe. Mutane da yawa sun daina zuwa gidanmu da sababbin kaya.

Kwalin daga Bompai ya fito, gidan wani injiniya Ba'indiye na masaƙarsu. Shekarun nan ne da kayan aiki suka fara yankewa, baƙi suka fara tattara nasu-ya-nasu. Mutumin zai koma ƙasarsu, Baba ya je yi masa sallama, shi kuma ya ɗauko wannan abin da 'ya'yansa suka girme shi ya ba shi. Da guntuwar Hausarsa ya ce, "Yara wasa, yara karatu. Gobe likita." Baba ya ajiye maganar wasa a can Bompai, ya taho da ta likita.

Baƙin akwati ne shimfiɗaɗɗe, bai kai rediyo tsayi ba, da wani rami a samansa inda ake cusa kaset. Kaset ɗin guda ɗaya ne tak, da hoton agwagwa sanye da tabarau a jikinsa. Sai wata doguwar waya, a ƙarshenta wani sanda gajere da ake lanƙwasawa hagu da dama, da jan maɓalli a gefe. Muna da talabijin baƙi-da-fari a ɗakin Baba, wanda ƙofarsa ɗaya ke soro, ɗaya ke cikin gida. Aka kirawo mai gyaran rediyo na bakin titi, ya yini yana gumi, daga ƙarshe ya haɗa akwatin da talabijin da wata 'yar waya da ya fere da haƙoransa. Ya ce aiki ya yi, sai dai wayar ba ta zama daidai. In ba a danne ta da yatsa a bayan talabijin ba, hoto rawa zai riƙa yi.

Baba ya duba ɗakin, idonsa ya sauka a kaina.

"Zo nan. Hannunki ƙarami ne, zai shiga. Kin ga har kin fara karatun."

Nan na fara, a tsakanin bango da bayan talabijin, cikin zafi da warin ƙura mai ƙuna, yatsana a kan waya. Duk abin da zan ba da labari na makonnin farko, da kunne na ji shi, sai kuma abin da na gani a fuskokin manya, don su nake fuskanta.

Wasan hawa uku ne. A na farko agwagi za su fito a kan wani tafki, a ƙasa kuma lambobi, ka ƙirga agwagin ka kai alama kan lambar da ta dace, ka danna maɓalli. In ka yi daidai sai akwatin ya yi ɗan kiɗa mai daɗi. In ka kuskure kuwa sai ya saki wata ƙara mara mutunci, doguwa, irin wadda in yaro ya yi ta a gaban manya ake kora shi waje. A hawa na biyu wasu agwagin su shigo, wasu su fice, a tambaye ka nawa suka rage. Na uku babu wanda ya gan shi a makon farko.

Washegari Baba ya gayyato abokansa biyu su shaida. Ɗaya Malam akawu ne, mai rubuta sunan makararru a ƙofar masaƙa, mutum mai biro uku a aljihun gaba, wanda ko gaisuwa sai ya jefa Turanci a ciki. Ɗayan direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga Dakata, mai faɗin ƙirji da dariya kamar saukar tsakuwa. Shi ya fara kama sandan, ya jujjuya shi, ya ce, "Ai wannan giya ce." Kaka, mahaifiyar Baba, tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta jiyo. Ta ɗaga labule ta shigo ba sallama.

"Wa ya kawo giya gidan nan?"

"Inna, ta mota ake nufi," in ji Baba.

"Ko ta jirgi ce. Ba a gidan da nake salla ba." Ta karɓi sandan ta duba sama da ƙasa. "Wannan ai muciya ce."

Tun daga ranar muciya ake ce masa, har Malam akawu.

Shi ne kuma ya fara ɗanɗana ƙarar nan. Ya gyara zama, ya ce lissafi ai sana'arsa ce, a ba shi. Agwagi suka fito, ya ƙirga da bakin biro a kan gilashi, ya ce shida. Ashe bakwai ne, biyu sun jingina da juna. Akwatin ya sake ta, doguwa, har awakin maƙwabta suka amsa. Direba ya kife yana dariya. Malam akawu ya mayar da biro aljihu, ya ce injin ƙasar sanyi ne, bai saba da zafin Kano ba, dole lissafinsa ya riƙa kaucewa.

Kafin mako ya zagayo ɗakin Baba ya zama majalisa. Masu aikin safe da zarar jiniya ta tashe su daga aiki sai gidanmu, wasu ko wanka ba su yi ba, auduga a gashin kansu. Masu aikin dare kuma su biyo kafin su wuce. Takalma a soro kamar ƙofar masallaci. Manyan mutane masu iyali, masu juya injuna da suka fi ɗakinmu girma, su zauna a tabarma suna ƙirga agwagi da ƙarfi, suna gardama. In ƙanwata ta rarrafo ta miƙa hannu sai a ɗauke ta cak a ajiye a bakin ƙofa.

"Yara ɓarna gare su," in ji Baba. "Ku dai ku riƙa kallo. Ilimin yana shiga."

Da safe in zai fita sai ya kulle akwatin a cikin adaka ya tafi da mukulli. Kwana uku Kaka ta ƙyale shi, a na huɗu ta tare shi a soro da hannu a buɗe. Ya ciro mukullin ya ba ta, haka kuma aka riƙa yi kowace safiya. Unguwarmu layin wuta ɗaya muke da kamfanoni, saboda haka da rana ba a cika ɗauke mana ba. Sai hantsi ya zama na mata. Umma ta gama shara ta ɗora girki, maƙwabta su shigo da lulluɓinsu, a baje a ɗakin mai gida. Na ɗauka yanzu kam za a ba mu. Ina! Ranar da ba makaranta, matan ma bayan talabijin suka tura ni.

Kaka ba ta taɓa wuce hawa na biyu ba, kuma ba don rashin iya lissafi ba. Ba ta yarda da tambayar ba ce. Agwagi biyar ne, biyu suka fice, ita sai ta danna biyar.

"Inna, uku suka rage," in ji Umma.

"Uku a gidan wa? Agwagwar da ta fita kiwo ai ba ɓata ta yi ba. Kafin magariba za ta dawo."

Akwatin ya yi mata ƙararsa. Ta nuna shi da muciya ta ce, "Kai ka taɓa kiwon agwagwa?" Haka suka yi ta yi har ƙarshe, ba wanda ya sauko.

A mako na biyu Direba ya tsallake agwagin duka, hawa na uku ya buɗe. Na ga kowa ya ƙura ido. Balan-balan guda uku ne suka taso, a samansu kalma ɗaya da Turanci. Malam akawu ya buɗe baki zai karanta, Baba ya riga shi.

"Ja!" Ya miƙe tsaye. "Ja aka ce. Wannan sunan launi ne. Ku ba ni nan."

Aka ba shi hanya kamar liman. Duk kwanakin nan yana ƙirga agwagi a bayan mutane, yau ga fagensa ya zo har gida. Ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya ƙura ido. Ni ina kallon fuskarsa daga bayan talabijin. Na ga girarsa ta haɗu, ta rabu, ta sake haɗuwa. Balan-balan uku, duk toka-toka. Ya zaɓi na tsakiya. Akwatin bai duba shekarunsa ba, bai duba muƙaminsa ba, ya sake masa ƙarar nan a gaban yaransa na wurin aiki. Abin haushi kuma, duk wanda ya faɗi a balan-balan, tafkin farko ake mayar da shi, ya sake ƙirgo agwagi tun daga ɗaya.

Da majalisa ta watse Umma ta kawo masa tuwo, ta durƙusa ta ajiye, ta ce a hankali, "Malam, ni fa ina ganin talabijin ɗin nan ce ba ta da kala."

"Mai rini za ki gaya wa kala?"

Ta tashi ta fita. Ita da ta kai hawa na ukun da hantsi, kallo ɗaya ta yi masa ta ajiye muciya ta koma kan tukunyarta, ba ta sake ɓata lokacinta a kansa ba.

Amma maganar ta shige shi, don ranar Lahadi ya hau keke har kasuwar Sabon Gari ya dawo da wata leda mai kauri da ake mannawa a fuskar talabijin. A zamanin nan gidaje da yawa suna da ita: samanta shuɗi, tsakiyarta ja-ja, ƙasanta kore. In mai karanta labarai ya fito sai ka gan shi da shuɗiyar hula, jar fuska, koriyar riga, kowace rana. Baba ya manna ta da kansa, ya ja da baya ya ce, "To, ga kala." Sai dai balan-balan ɗin tashi sama suke yi. Duk su ukun su fito kore, su zama ja a tsakiya, su ƙare a shuɗi. Malam akawu ya kawo shawarar cewa in an ce ja, a jira su iso tsakiya sannan a danna kowanne. Aka gwada sau huɗu, sau huɗu ana jin ƙarar. Kaka kaɗai ta ji daɗin ledar, ta ce yanzu tafkin ya yi kama da tafki.

Baba ya ɓare ledar ya koma wa abin da ya sani. Nan kam dole in ba shi haƙƙinsa. Ya lura tokar ba iri ɗaya ba ce, wata ta fi wata duhu. Ya riƙa zama shi kaɗai bayan la'asar, ni a kan waya, yana gwadawa yana faɗuwa yana riƙewa a ka. Cikin kwana goma ya gano cewa mafi haske shi ne ruwan ɗorawa, mafi duhu shi ne shuɗi. Ya koma yana cin biyar, shida, bakwai a jere. Malam akawu ya karanto a bayan kwalin cewa goma ake so. Sai dai ja da kore a talabijin ɗinmu uwa ɗaya uba ɗaya suke, ko shi bai iya raba su ba. In suka fito tare sai majalisa ta rabu biyu, masu cewa hagu da masu cewa dama, kamar ranar zaɓe. Baba ya yi bisimilla ya danna. Rabin lokaci ya ci, rabin lokaci a koma tafki.

Labari ya kai masaƙa. Wata rana ya dawo bai taɓa abinci ba. Daga baya Umma ta ji daga bakin matar Direba cewa da ya wuce ta sashen saƙa, wani ya yi ƙarar akwatin da bakinsa, sashen duka ya ɗauka. Mutumin da manaja ke kira in an rasa gane launi, yau shi ake yi wa wannan.

Direba ne ya kawo mafita. Yana yi wa wani Alhaji dakon fatu zuwa majemun Challawa, kuma Alhajin yana da talabijin mai kala, babba, da ƙofofin katako kamar kabad. Aka nemi izini, ya ce a zo ranar Lahadi bayan azahar, shi ma yana son ya ga abin da ya hana ma'aikatan Sharaɗa sakat.

Muka tafi gidansa da ke can Challawa a babbar mota. Baba a gaba, sanye da farar rigarsa ta Juma'a, akwatin a cinya naɗe da zanen Umma. Mutum takwas a baya. Ni an tafi da ni saboda waya. Ƙanwata kuma ta kwanta a soro tana birgima har sai da aka ɗauke ta. Tun daga nesa warin jima ya tare mu, kowa ya ja hula ya rufe hanci, ban da Direba da ya ce shi ƙamshi yake ji.

Falon Alhaji da darduma har bango, da fanka a sama. Ya karɓe mu da lemo, ya zauna a kujera yana jan carbi. Aka juya talabijin za a tura ni baya, sai aka tarar tana da ramin da aka yi don wayar, ta shige ta zauna daram. Baba ya ce, "To, koma can ki zauna." Ranar na fara ganin makarantata ta gaba.

Da hoton ya fito sai da ɗakin ya yi salati. Tafkin shuɗi ne shar, da koren ciyawa a gefe. Agwagin da muka yi wata biyu muna ɗauka farare ne, ashe ruwan ɗorawa ne, da jan baki. Direba ya ce, "Kai! Ashe duk a duhu muke."

Baba ya kama muciya. Agwagi ba su tsayar da shi ba, ya haddace su kamar 'ya'yansa. Balan-balan suka taso, kalma ta fito, Malam akawu ya yi gyaran murya ya sanar da cewa ja ake nema. Kowa a ɗakin yana ganin jan, ga shi nan a hagu. Baba bai motsa ba.

"Heluma, hagu," in ji Direba.

"Wannan ba ja ba ne."

"Ja ne mana!"

"Ruwan goro ne. An cika masa ɗorawa. Wa ya haɗa wannan?" Ya matsa kusa da gilashi. "Na tsakiyar ma da suke kira kore, tsanwa ce mara gishiri. In yarona ya fito min da wannan daga tukunya, sai ya sake."

"Heluma, ka danna dai," in ji Alhaji.

"Alhaji, ku yi haƙuri, ba zan ce da ruwan goro ja ba a gaban jama'a."

Yana cikin bayanin yadda ake haɗa ja na gaskiya, balan-balan suka kai sama suka fice. Talabijin ɗin Alhaji tana da lasifika biyu. Ban taɓa jin ƙarar nan da ƙarfi kamar ranar ba, har wani yaron gida ya leƙo ya ga ko lafiya. Alhaji ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Allah ya taimaki Baba aka kira la'asar, maza suka tashi suka fita alwala, aka bar mu mu biyu a falo da gargaɗin kada mu taɓa komai.

Ƙofa na rufuwa na ɗauki muciya. Tana da ɗumi, da santsin hannun mutane. Na ƙirga agwagi, na ci. Masu shiga da masu fita, na ci, don a aji biyu nake, mun wuce nan tuni. Da balan-balan suka taso sai na tsaya, don ban iya karanta kalmar ba. Ƙanwata ta fizge muciyar.

"Wancan," ta ce. "Irin na rubutun."

Na duba. Ashe kalmar kanta da launin da ake nema aka rubuta ta. In ja ake so, rubutun ja ne. In shuɗi, shuɗi. Ba a bukatar Turanci, ba a bukatar akawu, ba a bukatar heluma. An yi abin ne don wanda bai fara karatu ba. Ta riƙe muciya da hannu biyu, harshe a waje, tana kai alama tana dannawa da babban yatsa. Ɗan kiɗan nan mai daɗi ya yi ta tashi. Ina ƙirgawa a zuci. Tana kan na tara maza suka fara shigowa, Baba ya buɗe baki zai yi tsawa, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ta danna na goma.

Kowa ya matso. Wata biyu ana jiran a ga abin da ke bayan balan-balan. Direba ya daɗe yana cewa hawa na huɗu na motoci ne. Malam akawu kuwa ya tabbatar wa mutane cewa akwatin zai nuna takardar shaida da za a iya kwafewa a kai ofis.

Agwagwar nan mai tabarau ta fito tsakiyar gilashi. Ta buɗe fukafukai, ta yi tsalle sau uku, ta juya ta kaɗa wutsiya. Sai hoton ya ɗauke, tafkin farko ya dawo, da agwagi biyu a kai, ana tambayar nawa ne.

"Shi ke nan?" in ji Direba.

Malam akawu ya ɗauki kwalin yana juyawa, ko akwai wani bayani da ya tsallake. Alhaji ya sa aka kawo wa ƙanwata alawa cike da hannu, ya ce da Baba, "Malam, ai kun kawo gwanar tun farko, kuka bar ta a bakin ƙofa."

Muka kamo hanyar dawowa, muka wuce Panshekara. Ƙanwata ta yi barci a cinyar Baba, alawa ta narke a farar rigar, bai ko kula ba. Can sai ya ce, kamar mai magana da gilashin mota, "Shekararta huɗu fa." Direba ya ce haka ne. Baba ya ce, "Ba wanda ya koya mata. Jini ne." Kafin mu iso Sharaɗa ya gama shirya labarin yadda zai ba da shi. Washegari duk masaƙa ta ji cewa 'yar heluman rini, wadda ko allo ba ta fara ba, ta kayar da injin Turawa a gaban Alhaji, kuma a gida ta gaji ido. Zancen ruwan goro bai shiga cikin labarin ba. Masu yi masa ƙara da baki suka daina, wasu har suka zo ganin yarinyar.

Majalisa ta mutu a makon. Ba wanda ke son ya ƙirga agwagi don ya ga agwagwa ta yi rawa. Baba ya miƙa wa Umma mukullin adaka ya ce a ba yara kayansu, ai dama don su aka kawo. Muka samu makarantarmu, a talabijin baƙi-da-fari, ɗaya tana riƙe waya ɗaya tana wasa. Balan-balan suka koma toka, ƙanwata ta yi kuka ta ce an ɓata su. Kwana goma muka yi muka gaji, muka koma wasan 'yar carafke a ƙofar gida.

Da lokacin girbi ya yi, Kawu, ƙanen Umma, ya zo daga ƙauyensu can wajen Gumel da buhun gero. Ya ji labarin daga bakin Baba, da duk ƙarin da labarin ya samu a hanya. Ya roƙa a ba shi akwatin ya kai wa nasa yaran. Umma ta ce, "Kai da ba ku da wuta, ba ku da talabijin?" Ya ce ba komai, a dai ba shi. Baba ya naɗe masa shi a kwalinsa, har da muciya.

Bayan shekara biyu muka je ƙauyen biki. Na tarar da akwatin a ɗakin Kawu, a kan wata kanta sama da gado, an rufe shi da ƙyalle mai aikin allura, an naɗe wayar tsaf. Ba a taɓa kunna shi ba. A shekarar babban ɗan Kawu ya ci jarrabawar shiga sakandare, shi kaɗai a ƙauyen. Yaron ya sha karatu da fitilar ƙwai har idonsa ya yi ja, amma ba wanda ya yi zancen wannan. Muna zaune wata mata ta yi sallama, riƙe da hannun ɗanta mai shirin jarrabawa, ta ce ta zo ne a taimaka a bar shi ya ɗan zauna a ɗakin. Kawu ya shimfiɗa masa tabarma daidai ƙasan kantar, ya ce ya zauna nan, kada ya taɓa komai.